Ludayin Kaka da Ma'aunin Labo

Da anka ce kowa ya kawo rubutu don wannan ɗan littafi namu, sai na zaɓi wata magana da ba a yi a gidanmu, kuma na tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne. Kakata, mahaifiyar babana, ta yi shekara ashirin da 'yan kai tana dafa giya. An haife ta a gidan Azna, a wani ɗan ƙauye cikin karkarar Gidan Amumune, a gundumar Mayahi. Yanzu ta kai shekara tamanin ko kusa, ba ta wasa da salla, kuma ita ce ke tada mu sahur da azumi. Jikokinta da yawa ba su san ta taɓa wannan sana'a ba. Waɗanda sunka sani kuwa, in zance ya nufi wajen sai su kawo wani.

Tun da fari in share hanya. Ni musulma ce, ban taɓa shan giya ba, kuma ban rubuta wannan don in yi wa kowa kwaɗayinta ba. Abin da ya ja hankalina aiki guda ne ɗan ƙarami daga cikin aikin dahuwar: yadda mai tukunya ke ɗibar kaɗan ta duba, don ta san halin da dukan tukunyar ke ciki. Wannan aikin na iske shi a wuri biyu, a labo na jami'armu ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da kuma bakin Kaka.

A shekararmu ta biyu munka yi darasin gwaji a kan yadda yis ke cin sukari. Kayan aikin ba su da yawa: ruwan sukari, yis irin na masu burodi, doguwar kwalbar awo mai lambobi, da wani abu na gilashi da ake kira dansimetir, wato ma'aunin nauyin ruwa. Kamarsa ɗaya da tsinke mai ƙaton gindi. Akwai dalma a gindin don ya tsaya a miƙe, a wuyansa kuma an jera lambobi. In ka sake shi cikin ruwa sai ya nutse zuwa wani wuri ya tsaya, kai kuma ka karanta lambar da ta yi daidai da fuskar ruwan. Ruwa mai nauyi yana tallabe shi sama, ruwa marar nauyi yana barinsa ya nutse.

Lissafin ba wuya. Lita guda ta ruwa zalla tana auna gram 1000, ko abin da ya yi kusa da haka ƙwarai. In ka narka sukari gram 100 a ruwa har ya cika lita, nauyin zai kai wajen 1040. Da ka zuba yis, sai ya shiga ci. Kowane gram 180 na gulukos yana rabewa gida biyu: gram 92 na barasa da gram 88 na iskar nan da ke tashi cikin lemon kwalba. Iskar ta fita ta yi tafiyarta, barasar ta zauna, ita kuwa ta fi ruwa sauƙi, don litarta gram 789 ce kawai. Saboda haka kullum ka ɗiba ka auna, za ka ga lamba tana sauka. Masu dafa giya suna auna sau ɗaya kafin zuba yis, sannan su sake a ƙarshe. A ce sun fara da 1045 sun ƙare da 1010. Tazarar 35 ce. A ninka ta da 0,131, a samu wajen kashi 4,6 cikin ɗari na barasa. Ba a ga barasar da ido ba, amma an gane yawanta ta hanyar sukarin da ya ɓace.

Wannan dabara tsohuwa ce. Ƙa'idar abu mai iyo a ruwa ta Arshimed ce, mutumin Sirakusa da ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa. Malaman musulunci sun yi aiki mai zurfi a kanta. Al-Biruni ya auna nauyin ƙarafa da duwatsu masu daraja, sannan al-Khazini, a birnin Marw wajen shekarar 1121, ya rubuta Mizanul Hikma, inda ya jera nauyin abubuwa masu yawa har da ruwa, mai, madara da zuma. Masu dafa giya na Ingila sun fara riƙe ma'aunin da gaske ne bayan littafin John Richardson na 1784, shi kuma Louis Pasteur ya fitar da bincikensa a kan giya a 1876, inda ya nuna ƙananan halittu ne ke gyara ta, su ne kuma ke ɓata ta. Yau a Turai da Amurka akwai masu dafa giya a gida don sha'awa, tun da Ingila ta ɗage musu lasisi a 1963, Amurka kuma ta halatta a 1978. Yawanci lita ashirin suke dafawa, kuma in sun kusa gamawa sukan auna yau, su sake bayan kwana biyu ko uku. In lamba ba ta motsa ba, yis ya gama. In sun yi gaggawa sun ɗura a kwalba yana kan aiki, kwalba ta fashe.

Malaminmu ya fi tsananta a kan yadda ake ɗiba, fiye da lissafin. Ya sa mun rubuta dokoki a kaye. Abin ɗiba ya zama mai tsabta. A ɗiba daga tsakiya, don sama kumfa ce, ƙasa kuma laka. A bar abin da anka ɗiba ya huce zuwa digiri 20, saboda ruwan zafi ya fi na sanyi sauƙi kuma zai ba ka lambar ƙarya. A tace shi in yana da tsaki. A jujjuya ma'aunin don kumfa ta sake shi, in ba haka ba za ta ɗaga shi sama. A sunkuya a karanta ido daidai da fuskar ruwa. Ta ƙarshe kuma, wadda ya maimaita har sau uku: abin da ya fita daga tukunya ba ya komawa.

Wannan doka ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini a rai, don na san ta tun ina ƙarama. A gidanmu in ka ɗanɗana miya ko kunu ka mai da ragowar cikin tukunya a gaban Kaka, ranar ka shiga uku. Duk sauran tsofaffi suna hanawa, amma ita abin nata ya wuce misali. Da munka samu hutu cikin watan Afrilu na tafi gida da niyyar in tambaye ta.

Na same ta da hantsi a gindin bedi tana ɓarar gujiya. Bayan gaisuwa na zauna na kama mata, sannan na kawo maganar a hankali. Ta daɗe tana dubana.

“Ke kishiya, wa ya aiko ki?”

“Ba kowa, Kaka. A lakkwal munka yi karatun abin.”

“Karatun giya anka kai ki yi Maraɗi? To, ubanki ya yi asarar kuɗinai.”

Ta yi dariya har da tari, sannan ta buɗe baki. Shekara arba'in ba wanda ya tambaye ta, amma ba abin da ta manta.

Ga yadda ta ce ana yi. A jiƙa dawa kwana guda, a tsame, a shimfiɗa a inuwa a rufe da ganye ana yayyafa ruwa, har ta yi tsiro cikin kwana uku ko huɗu. A shanya a rana, a niƙa. A dama garin da ruwa cikin babbar tukunya a bar shi ya kwanta. Daga nan a kwashe ruwan sama a ajiye gefe, a ɗora na ƙasan a wuta shi kaɗai ya dahu kamar kunu, sannan a sauke a mai da masa ruwan saman nan. A bar shi ya kwana ya yi tsami. Da safe a tace, a ba dabbobi dusar, a sake dafa ruwan na tsawon sa'o'i. In ya huce a zuba masa abin da take kira iri, wato ragowar dahuwar baya, ko a juye shi cikin tsohuwar tukunyar da ta saba. Washegari ya zama abin sayarwa. Daga jiƙo zuwa sha, mako guda ne ko kusa.

Na tambaye ta dalilin raba ruwan sama da na ƙasa. Ta ce: “In kin dahe su tare ba ya zaƙi. Ƙarhin yana ga ruwan sama, wuta kashe shi takai.” Wannan maganar daidai take da abin da ke cikin littafinmu. Tsiro yana samar da anzim, wanda ke farfasa sitaci ya koma sukari. Amma sitacin dawa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, anzim ɗin kuwa a irin wannan zafin yake lalacewa. Anzim yana narkewa a ruwa, don haka yana cikin ruwan sama. In an kwashe shi an ajiye, an dafa sitacin shi kaɗai, sannan an haɗa su da ɗumi, kowanne ya samu abin da yake so. Haka matan Burkina Faso da Mali ke yi wa dolo, haka ake yi wa cukutu a Benin da Togo, da pito a Gana, da bilbil a Kamaru da Cadi. Namu shi ne burkutu.

Sannan munka zo kan ɗiba. Ta ce a dahuwa guda sau huɗu take sa ludayi. Na farko bayan ta haɗa ruwan sama da dafaffen, don ta ji ko zaƙi ya fito. Na biyu da asuba, don ta ji tsamin ya isa ko da saura, saboda in ya zarce an yi asara, in bai kai ba kuma giyar ba ta daɗewa. Na uku lokacin dahuwa ta biyu: ta ɗiba ta zuba a ƙaramin ƙoƙo, ta jira ya huce, ta ɗiga tsakanin babban yatsa da manuni ta ji yadda yake kamawa, ta kuma karkata ƙoƙon ta ga yadda yake gangarowa. In ya yi ruwa-ruwa a ƙara wuta, in ya yi kauri a ƙara ruwa. Na huɗu bayan an zuba iri. Nan sai ta fara kara kunne ga tukunya ta ji yadda take magana, sannan ta ture kumfa gefe, ta nutsa ludayi tsakiya, ta ɗanɗana ta ji inda zaƙin ya kai a raguwa.

Ku duba jerin nan ku duba na kayena. Ɗiba ta uku ita ce lambar farko, ta huɗu ita ce lambar ƙarshe. Ture kumfa, ɗiba daga tsakiya, jiran ya huce, duk suna nan. Har ludayin ma nata daban ne, ba ya shiga hura ba ya shiga miya, rataye yake a rana. Da na tambaye ta abin da take yi da ragowar da ke cikin ƙoƙo, sai ta ce a ƙasa take zubarwa. “A wancan zamani cewa mukai rabon masu ƙasa ne. Wanda yat taɓa baki in ya koma, tukunya ta yi hushi, ta yi yauƙi.” Malaminmu bai ce tukunya na fushi ba. Ya ce bakin mutum da hannunsa cike suke da ƙwayoyin bakteriya, kuma ruwa mai sukari da ɗumi shi ne gonar da suke so. Dalilin da kowannensu ya bayar daban ne, dokar kuma guda.

A zamanin ƙuruciyarta giya tana cikin kusan kowane taro na Azna: gayya, buɗin daji, aure, da bukin dubu, wanda manomi ke yi in ya tara dame dubu a naɗa shi sarkin noma. Bafaranshe Guy Nicolas ya yi rubutu mai yawa a kan Aznan ƙasar Maraɗi, babban littafinsa ya fito a 1975, kafinsa kuma Ba'amurke Joseph Greenberg ya rubuta a kan Maguzawan Kano a 1946. Littattafan suna ɗakunan karatu masu nisa. Wadda ta tsaya gaban murhu ta yi aikin da hannunta tana cikin gidanmu, muna wuce ta safe da yamma.

Ta bar sana'ar a 1984, shekarar yunwar da mutanenmu ke kira 'Yar Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Ba wanda ya tilasta mata. Ta ce: “Tiya guda ta dawa, in kin tsira ta kin dahe, maza huɗu su shanye kahin azahar. In kin yi tuwo, ɗiya shida su kwana da ciki cike.” Ta fasa manyan tukwanen da kanta. Bayan shekara biyu ta fara salla.

Yayana bai ji daɗin wannan hira ba. Shi ɗalibin zaure ne, ya yi nisa a littattafai, kuma mutum ne mai hankali. Da daddare ya kira ni gefe.

“Ke yanzu abin da tsohuwar nan ta tuba ta bari shi za ki tono? Kin san gida nawa giya ta kashe a garin ga?”

Yana da gaskiya a nan, kuma Kaka da kanta ta fi shi sani. Ta ba ni labarin mazan da sunka riƙa satar hatsi daga rumbunsu suna kawo mata, da matan da sunka zo suna kuka a ƙofarta, da ƙanenta da giya ta lalata wa hanta. Ba ta faɗi abin da daɗin baki ba. Na ce masa: “Yaya, ba giyar nake nema ba. Inna nake dubawa.”

Mahaifiyarmu kunun zaƙi take yi na sayarwa ranar kasuwa, da shi ake sayen sabulu da kayan miya, da shi ma ake cika mini kuɗin mota zuwa Maraɗi. A bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma ba ƙanƙara, kunun yakan juya kafin la'asar. Gorunan roba su kumbura, in an buɗe su yi tsaki. Ranar da abin ya ɓaci takan yi asarar jika biyu ko uku, ga kuma damuwar da ta fi ta kuɗi: shin wannan da ya fara kumfa ya halatta a sayar wa mutane? Kunun zaƙi da burkutu hanyarsu guda ce har zuwa wani wuri. Hatsi ne, ana jiƙawa, wasu ma suna sa tsiro ko dankali don zaƙi, ana barinsa ya ɗan yi tsami. Abin da ya raba su shi ne wace halitta ce ta samu sukarin, kuma awa nawa anka ba ta. Mutum ɗaya ne a gidanmu ya san wannan mararraba da kyau, ita ce kuma wadda ba a tambaya.

Yaya ya yi shiru, can sai ya ce abin ya tuna masa da wani wuri a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani. An yi hani a can ga jiƙa dabino ko zabibi cikin duma da cikin mazubin da anka shafe da ƙaro, an kuma yi hani ga haɗa iri biyu a jiƙo guda. Malaminsu ya ce dalili shi ne irin waɗannan suna gaggauta juyawar jiƙon ba tare da mai shi ya farga ba. Ya ƙara da ruwayar Ibn Abbas a Sahihu Muslim, cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage bayan nan ba ya ajiye shi. Ke nan addini da kansa ya kula da mazubi, ya kuma kula da lokaci. Duma kuwa ita ce ƙwaryarmu. Cikinta yana da ƙananan ramuka da yis ke maƙalewa, wanki ba ya fitar da shi duka. Abin da Kaka ke nema a tsohuwar tukunya, shi ne abin da Risala ke gudu.

Washegari munka yi gwaji. Ba ni da dansimetir, don haka na haɗa nawa. Na samu tsinken shan lemo, na toshe gindinsa da kakin zuma, na zuba yashi kaɗan-kaɗan har ya tsaya a miƙe cikin ruwa. Na ja layi inda ruwan rijiya ya tsaya. Na je wajen mai shago ya auna mini sukari gram 100, na narka ya cika lita, na sake sa tsinken na ja layi na biyu. Tazarar layukan ba ta kai santimita guda ba, amma ana gani. Na raba kunun Inna gida uku: ɗaya cikin gorar da anka wanke da tafasasshen ruwa, ɗaya cikin tsohuwar ƙwarya, ɗaya kuma na zuba masa ludayi guda na kunun jiya, kamar yadda Inna kan yi don kada ragowa ta tafi a banza. Da safe, da azahar, da magariba, da kuma washegari, ina ɗiba daga kowanne, in tace da ƙyalle, in bar shi ya kwanta, in sa tsinke. Kowace ɗiba kuma ina kai wa Kaka a ƙoƙo ba tare da na gaya mata daga ina ta fito ba.

Na gorar da anka wanke bai motsa ba har magariba. Na ƙwarya ya nutse da kamar faɗin ƙwayar gero. Wanda anka haɗa da na jiya shi ya riga kowa, tun azahar ya fara sauka. Kaka ta jera su daidai da yadda tsinken ya jera su, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Da na kai mata na ukun washegari, ko baki ba ta kai ba. Ta sansana, ta kara ƙoƙon a kunne, ta miƙo mini.

“Wanga ya hwara magana. Wa yas sa mai iri?”

Inna tana tsaye tana ji. Ta ce: “Iya, ai ragowar jiya ce kawai.” Kaka ta ce: “To shi ne iri, ɗiyata. Da shi nike tada tukunya.”

Akwai inda Kaka ta fi tsinkena, har ma ta fi dansimetir na labo. Ma'auni yana gaya maka sukari ya ragu, amma ba ya gaya maka wa ya ci. In bakteriyar tsami ce ta ci, irin wadda ke mai da madara nono, abin da zai fito tsami ne. In yis ne, barasa ce da kumfa. Lissafin 0,131 yana aiki ne kawai in yis ne ya yi cin. Harshe da hanci da kunne su ke rarrabe biyun, kuma nata sun yi shekara ashirin suna koyo. Akwai kuma inda ma'auni ya fi ta. Lambar da na rubuta a kaye, ɗalibin Tasawa ko na Damagaram zai karanta ya gane, ya maimaita, ya ƙaryata ni in na yi ƙarya. Abin da ke harshen Kaka ba ya shiga kaye, kuma ranar da ta tafi ya tafi. Mai ciwon mura ma ba ya jin ɗanɗano, tsinke kuwa ba ruwansa da mura.

Daga wannan rana Inna ta canza abu uku. Ba ta haɗa na jiya da na yau. Tana wanke goruna da ruwan zafi ta kife su a rana. Sukari kuma ba ta zuba shi duka tun asuba, sai a kashin da za a fita da shi. Har na dawo makaranta ba ta zubar da gora ko ɗaya ba. Hukuncin kunun da ya yi kumfa na malamai ne, ba nawa ba. Amma malami yana yanke hukunci ne a kan abin da anka gaya masa, kuma sai an ɗiba an duba ake samun abin gaya masa.

Wannan ma'auni yana kewaye da mu in kun lura. Masu gyaran batir suna da irinsa mai roba a kai, suna zuƙo ruwan batir su auna: cikakken batir yana nuna wajen 1270, wanda ya sauka yana nuna ƙasa da haka. Cibiyoyin tara madara suna da nasu, don madarar saniya tana tsakanin 1028 da 1034, in an yi mata algus da ruwa lamba ta faɗi. Duk aiki guda ne da na ludayin nan mai rataye a rana.

Yaya bai sauka daga ra'ayinsa gaba ɗaya ba. Yana ganin akwai abin da rufe shi ya fi, kuma ya roƙe ni in ban fasa rubutawa ba, kada in ambaci sunan ƙauyen ko sunan tsohuwar. Na cika masa wannan. Ita kuwa da na gaya mata zan sa maganarta a takarda, cewa ta yi: “Ki rubuta na bari, ki kuma rubuta na iya.” Na rubuta duka biyun.

Yawancinmu a wannan ƙungiya daga ƙauye muke, kuma in anka bi asalin da yawa daga cikinmu, kaka ko kakan kaka Azna ne. Mun karɓi musulunci, alhamdu lillahi, ba kuma mai son komawa baya. Sai dai lokacin da iyayenmu sunka fasa tukwane, an haɗa da wani sani da ba shi da laifin komai, sanin tsiro da zafi da tsami da lokaci, wanda yau muke biyan kuɗi muna koyo da faransanci. Ba masu giya kaɗai ke da irinsa ba. Mai daddawa tana buɗe ganye ta duba kalwa ta san kwana nawa ya rage. Marini yana ɗibar ruwan baba ya dubi kumfarsa kafin ya tsoma zane. Mai sabulun salo tana gwada ruwan toka, majemi yana taɓa fata a cikin jiƙon bagaruwa. Kowannensu yana da lokacin ɗiba, da wurin ɗiba, da alamar da yake nema.

Don haka ga abin da nake roƙo. In kun je gida hutun nan, ku nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya mai sana'a, ku zauna ku kama mata aiki, ku yi mata tambaya guda: ta yaya kike gane ya yi? Ku rubuta amsar da kalmominta, kada ku gyara. In kuna da abin awo ku auna, in babu ku haɗa na tsinke, bai fi dala biyar ba. Ku kawo mu haɗa a fitowa ta gaba, mu ga nawa ne daga cikin amsoshin za su yi daidai da abin da ke cikin kayenmu. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya jiƙan waɗanda sunka riga mu.